Tafiya Sannu-Sannu Kwana Nesa: Tarihin Jiragen Fasinja da Zangunansu a Kogin Midi na Faransa

Gabatarwa

A kudancin ƙasar Faransa, cikin yankin da ake kira Languedoc, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Le Somail. Iyakar abin da ke cikinsa 'yan gidaje ne, da wata gada ta dutse mai doro, da ƙaramar majami'a a gindin gadar, da tsohon masaukin baƙi, da wani gini zagayayye wanda a da ake adana ƙanƙara a cikinsa don lokacin zafi. Ruwan da ya ratsa ƙarƙashin gadar nan, wanda duk ya gan shi da farko zai ɗauka kogi ne. Sai ya daɗe yana dubawa zai lura cewa ba ya gudu, faɗinsa kuma ɗaya ne ko'ina. Dalili kuwa shi ne hannun ɗan Adam ne ya haƙa shi. Faransawa suna kiransa Canal du Midi, wato haƙaƙƙiyar hanyar ruwa ta kudu. A cikin wannan maƙala za mu riƙa ce masa Kogin Midi don sauƙin magana, muddin mai karatu ya riƙe a ransa cewa kogi ne na haƙa.

Tsawonsa kilomita 240 ne, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau, kusa da garin Sète a gaɓar Bahar Rum. A yau mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su ɗauki hayar ƙananan jirage, su bi shi a hankali, suna yada zango ƙauye-ƙauye, tafiyar da mota ke yi cikin 'yan sa'o'i su kwashe mako guda ko fiye suna yin ta. Wanda ya ga haka zai zaci don shaƙatawa aka gina shi. Abin da muke so mu nuna a nan shi ne cewa don sauri aka haƙa kogin nan, da sauri ya yi suna, rashin sauri ne ya karya kasuwarsa, daga baya kuma wannan rashin saurin ne ya tashe shi. Ƙauyukan da ke bakinsa su ne suka fi kowa ɗanɗana kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye.

Burin Haɗa Tekuna Biyu

Ƙasar Faransa tana da teku a yamma, wato Atilantika, tana kuma da Bahar Rum a kudu. Kafin ƙarni na 17, ɗan kasuwar da ke son kai kaya ta ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, dole ya zagaye ƙasar Sifen da Fotugal baki ɗaya, ya bi ta mashigin Jibralta, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 3,000. Ban da nisa, akwai guguwar teku, akwai 'yan fashin teku, ga kuma Sifen, wadda sau da yawa tana gaba da Faransa, tana zaune a bakin mashigin. In kuwa ta tudu ya bi, hanyoyin zamanin laka ce da damina, ƙura da rani, abin da keken doki ke iya ɗauka kuma kaɗan ne.

Saboda haka tun zamanin Sarki Faransuwa na 1 da Sarki Hanri na 4 ake ta shawarar haƙa hanyar ruwa da za ta tashi daga kogin Garonne, wanda ya ratsa Toulouse ya gangara Atilantika ta Bordeaux, ta isa Bahar Rum. Haƙa ba ita ce matsalar ba. Tsakanin gaɓar biyu akwai tudu, wanda mafi ƙasƙancin wurin ƙetare shi, wato Naurouze, ya ɗara teku da mita 189. Ruwa ba ya hawa tudu, kuma duk jirgin da ya sauka daga ƙololuwa, ko gabas ko yamma, da ruwa yake sauka. In ba a sami abin da zai riƙa shayar da ƙololuwar ba dare da rana, har cikin bazarar kudu mai tsananin fari, aikin banza za a yi. A kan wannan dutse ne duk shawarwarin farko suka yi tuntuɓe.

Riquet da Matsalar Ruwa

Mutumin da ya warware ƙullin ba injiniya ba ne. Sunansa Pierre-Paul Riquet, ana furta shi Rike, an haife shi a Béziers a shekarar 1609. Sana'arsa karɓar harajin gishiri a Languedoc, sana'ar da ta tara masa dukiya, ta kuma sa ya taka kusan kowane lungu na yankin. Cikin yawonsa ya san Montagne Noire, wato Baƙin Dutse, wanda ke arewa maso gabas da Naurouze, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙoramu kuma ba su cika ƙafewa ba. Da taimakon mutanen wurin masu sanin ruwa, ya gane cewa ana iya tare waɗannan ƙoramu, a tara su a tafki, a jawo su ta magudana har ƙololuwar, daga nan su rabu biyu, wasu su nufi Atilantika, wasu Bahar Rum.

A watan Nuwamba na 1662 ya rubuta wa Colbert, mai kula da baitulmalin Sarki Luwi na 14, ya bayyana masa dabararsa. Da aka nuna shakka, sai ya haƙa magudanar gwaji a 1665, ruwa kuwa ya iso Naurouze kowa yana gani. Gani ya kori ji. A watan Oktoba na 1666 sarki ya sa hannu a dokar fara aiki, aka kuma mallaka wa Riquet da zuriyarsa kogin, tare da iznin karɓar kuɗin wucewa. A lokacin yana da shekara 57.

A 1667 aka aza harsashin madatsar Saint-Ferréol, mai tsawon kimanin mita 780 da tsayin fiye da mita 30, wadda babu kamarta a Turai a zamaninta. Ma'aikata sun kai 12,000 a lokacin da aiki ya fi zafi, maza da mata, da diga da shebur da kwanduna. Don ya riƙe su, Riquet ya yi abin da ba a saba gani ba: yana biyan su albashin wata, har da ranakun Lahadi da na bukukuwa, da ranakun da ruwan sama ya hana aiki, da ranakun rashin lafiya. Kuɗin aikin sun fito daga sarki, da majalisar lardin Languedoc, da aljihun Riquet kansa. Ya rasu a Toulouse ranar 1 ga Oktoba, 1680, saura 'yan kilomita aiki ya ƙare, ya bar wa magadansa bashin da suka yi kusan shekara 40 suna biya. 'Ya'yansa ne suka ƙarasa, aka buɗe kogin a watan Mayu na 1681. Sunansa na farko Kogin Sarauta na Languedoc. Sai bayan juyin juya halin 1789 aka sa masa sunan da yake amsawa yau.

Yadda Jirgi Ke Hawan Tudu

Kafin mu shiga maganar matafiya, ya kamata mu bayyana abin da ke tsara tafiyarsu, wato yadda jirgi ke hawa da sauka. A wurare da yawa an gina wa kogin wani abu da za mu kira zauren ruwa, domin kamar zauren gida yake, ƙofa a gaba, ƙofa a baya. Ruwan da ke bayan ƙofa ɗaya ya fi na ɗaya bangaren tsawo. Jirgi mai hawa yakan shiga ta ƙofar ƙasa, a rufe ta, a buɗe 'yan tagogi a ƙofar sama, ruwa ya kwararo ya cika zauren, jirgi ya ɗago har ya yi daidai da ruwan sama, sannan a buɗe masa ya wuce. Mai sauka kuwa akasin haka ake yi masa. Zaurukan Kogin Midi suna da siffar ƙwai, sun fi faɗi a tsakiya, domin an lura tun farkon aiki cewa miƙaƙƙen bango ba ya jure turin ƙasar da ke bayansa. Tsawon kowanne kimanin mita 30 ne. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin za mu komo gare shi.

Inda gangare ya yi tsanani, sai a jera zauruka biyu, ko uku, ko fiye, kamar matakala. Mafi shahara ita ce ta Fonseranes, a bakin Béziers, inda aka jera takwas don sauke jirgi fiye da mita 21 cikin tazarar mita 300. Kafin a iso nan daga yamma akwai kilomita 54 da babu zaure ko ɗaya, domin kogin yana bin gefen tuddai yana lanƙwasa don ya zauna a tsayi guda. A cikin wannan tsakani ne aka huda tudun Malpas aka ratsa da kogin ta ƙarƙashinsa, aka kuma ɗora shi bisa gada ya ƙetare ƙoramar Répudre. Bayan rasuwar Riquet, shahararren injiniyan soja Vauban ya duba aikin a 1686, ya sa aka ƙara irin waɗannan gadoji don ƙoramu su daina zubo yashi cikin kogin.

Jirgin Wasiƙu da Zangunansa

Yawancin jiragen da ke bin kogin na kaya ne: alkama daga filayen Lauragais tana gangarawa gabas, giyar inabi da gishiri da man zaitun suna haurawa. Amma tun farko an tanadi jirgi na musamman don wasiƙu da fasinja. Dawaki ne ke jansa da doguwar igiya, suna tafiya a turbar da aka share musu a bakin ruwa. Daga Toulouse zuwa Agde, kusa da teku, kwana huɗu ne. A ma'aunin wancan zamani wannan tafiya ce mai sauri, mai sauƙi kuma, domin babu girgizar keken doki, babu kafewa a laka, matafiyi ya san ranar tashinsa, ya san ranar isarsa.

An raba kowace rana gida biyu. Akwai zangon rana, inda ake tsayawa cin abinci, akwai zangon dare, inda ake kwana. Ran farko ana cin abincin rana a Négra, a kwana a Castelnaudary. Rana ta biyu a ci a Béteille, a kwana a Trèbes. Ta uku a ci a La Redorte, a kwana a Le Somail. Ta huɗu a ci a Fonseranes, a isa Agde da yamma. A kowane babban zango masu kogin sun tanadi masauki, da bargar dawaki, da ƙaramar majami'a. Wasu daga cikin waɗannan wurare garuruwa ne tun da can. Wasu kuwa, kamar Négra da Le Somail, tafiyar doki ce ta zaɓe su: inda rana ta take, ko inda ta faɗi, nan aka kafa zango. Le Somail da muka fara da shi haka ya girma, ƙasarsa kuma ta daɗe a rabe tsakanin ƙananan hukumomi uku, domin bai taso a matsayin gari mai kansa ba, masauki ne da ya tara jama'a.

Wani abin da matafiyin yau zai yi mamakinsa shi ne cewa fasinjan farko ba ya ƙare tafiyarsa a jirgi ɗaya. Duk inda aka tarar da zauruka a jere, jirgin ba ya shiga. Fasinja ne ke sauka, su ɗauki kayansu, su hau ko su gangara da ƙafa, su shiga wani jirgin da ke jiransu a ɗaya gefen. Ana yin haka fiye da sau 20 tsakanin Toulouse da Agde. Dalili biyu ne: tsimin lokaci da tsimin ruwa, domin kowane buɗe zaure yana zubar da ruwan da aka sha wahalar jawowa daga Baƙin Dutse. Haka nan a Béziers, kafin a gina gadar da ta ɗauke kogin bisa kogin Orb a 1858, sai jirage sun sauka cikin Orb ɗin kansa sun ƙetare, in ya yi ambaliya kuwa a jira har ya janye.

Ga ƙauyuka, isowar jirgi ita ce kasuwar ranar. Mai masauki, da mai burodi, da maƙerin da ke sa wa doki takalmi, da mai sayar da ciyawa, da 'yan dako, kowa yana da rabonsa. A cikin jirgin kuma ana cuɗanya irin wadda ba a cika samu a wani wuri ba: ɗan kasuwa, da soja mai komawa gida, da limamin kirista, da matafiyi daga wata ƙasa, su yi kwana huɗu suna ci a teburi ɗaya. Ta nan labarin birni ke isa ƙauye.

Darajar zama a bakin hanya ta fito fili a labarin Carcassonne. Lokacin haƙa, manyan wannan birni sun ƙi biyan kuɗin karkato kogin ya bi ta wurinsu, sai ya wuce ta arewa da su da 'yar tazara. Matafiyi ya riƙa kwana a ƙaramin garin Trèbes, babban birni yana gefe yana kallo. Sai a 1810, bayan fiye da shekara 120, aka gyara hanyar ta ratsa birnin. Castelnaudary kuwa, wadda ta yarda ta biya, ta sami babbar tashar jirage mai faɗin kadada 7, ta zama kasuwar hatsin yankin.

Baƙo Daga Amurka

Cikin waɗanda suka bi kogin a zamanin ƙarfinsa akwai Thomas Jefferson, wanda a lokacin yake jakadan Amurka a Faransa, daga baya ya zama shugabanta na uku. A watan Mayu na 1787 ya taso daga gaɓar Bahar Rum ya nufi Toulouse. Bai shiga jirgin wasiƙu ba. Ya ɗauki hayar jirgi shi kaɗai, ya sa aka cire ƙafafun keken dokinsa aka ɗora gangar jikin bisa jirgin. In ya ga dama ya sauka ya taka a turbar dawaki, in ya gaji ya koma cikin keken ya zauna yana karatu da rubutu. Tafiyar da ake yi a kwana huɗu ya yi ta cikin kwana tara, ya kuma rubuta wa sakatarensa cewa bai taɓa yin tafiya mai daɗinta ba, yana yaba hasken sama da kukan tsuntsaye a gaɓa biyu.

Ana iya cewa shi ne kakan masu yawon shaƙatawa na yau. Amma wanda ya duba abin da ya rubuta a littafin tafiyarsa zai ga mutumin zamaninsa ne. Ya auna nisan da ke tsakanin zauruka, ya rubuta zurfin kowanne, ya lissafa lokacin da ake ɓatawa wajen buɗe tagogin ƙofofi, ya yi tunanin dabarar rage shi. Ya kuma lura cewa mata ne ke tsaron yawancin zaurukan, aikin kuwa mai nauyi ne. Tunaninsa yana kan kogunan ƙasarsa da yadda za a buɗe su ga ciniki. Ko mai jin daɗin jinkirin, a 1787, neman hanyar rage shi yake yi.

Zuwan Jirgin Ƙasa

A farkon rabin ƙarni na 19 masu kogin sun ƙara wa jirgin fasinja sauri. Aka ƙera jirage marasa nauyi, aka riƙa sauya dawaki a kai a kai, aka daina sauke fasinja a zauruka, aka kuma soma tafiyar dare. Tafiyar kwana huɗu ta koma ƙasa da kwana biyu. Wannan ci gaba shi ne ya fara rage wa zanguna ciniki, domin jirgin da ba ya kwana ba ya bukatar masauki. A 1856 kogin ya kai ƙololuwarsa, fasinja sun kusa 100,000 a shekara. A wannan shekara ce kuma aka gama haƙa wani kogin daga Toulouse zuwa kusa da Bordeaux, burin haɗa tekuna biyu ya cika sosai.

Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1857, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Bordeaux zuwa Sète, tana bin kusan sawun kogin. A 1858 gwamnatin Napoleon na 3 ta amince a ba kamfanin jirgin ƙasan hayar kogin na shekara 40. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kamfanin ya tsara kuɗin wucewa yadda kaya za su koma kan dogo, jirgin wasiƙu kuma ya daina aiki, domin ba wanda zai yi kwana biyu a tafiyar da ake yi cikin yini. Da gwamnati ta karɓi kogin a 1898 ta sauƙaƙa kuɗin, amma ciniki ya riga ya sauya hanya.

Akwai kuma wata matsala. A 1879 Faransa ta tsayar da ma'auni ɗaya ga manyan hanyoyinta na ruwa, don jirage masu tsawon mita 38.5. Zaurukan Riquet, kamar yadda muka faɗa, mita 30 ne, saboda haka jiragen arewa ba sa iya shiga. Jiragen kaya na yankin sun ci gaba da ɗaukar giya da hatsi, injin ya maye gurbin doki wajen shekarun 1930, amma kowace shekara suna raguwa, manyan motoci suna ƙwace abin da jirgin ƙasa ya bari. A shekarun 1970 aka soma tsawaita zaurukan daga bakin kogin biyu, sai aka dakatar kafin a taɓa yawancinsu. Jigilar kaya ta ƙare a ƙarshen shekarun 1980, farin 1989 ya rufe babinta. Da an ƙarasa wancan gyara, da an rushe yawancin ginin ƙarni na 17 wanda mutane ke zuwa gani yau.

Dawowar Matafiya

Tun kafin jirgin kaya na ƙarshe ya wuce, wasu baƙi sun fara bayyana. A Ingila, inda jirgin ƙasa ya yi wa hanyoyin ruwa irin wannan illa, an kafa ƙungiyar ceto su tun 1946, mutane suka saba da yin hutu a cikin jirgi. Daga ƙarshen shekarun 1960 wannan al'ada ta ƙetaro kudancin Faransa, aka soma ba da hayar jirage masu ɗakin kwana da madafa. Mai haya ba ya bukatar lasin. Ana nuna masa tuƙi na ɗan lokaci, a miƙa masa jirgi. Doka ta hana wuce kilomita 8 a sa'a, don kada igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa. A watan Disamba na 1996 hukumar UNESCO ta sa kogin da rassansa cikin kayan tarihin duniya, daga nan baƙi suka ƙaru ƙwarai.

Abin lura shi ne yadda tsarin tafiyar ya koma kusan yadda yake a da. Ana tashi da hantsi, a tsaya da tsakar rana, domin a lokacin ne zauruka ke hutawa, a ɗaure jirgi kafin faɗuwar rana. In aka haɗa jinkirin zauruka da iyakar gudu, abin da ake ci a yini bai kai na jirgin wasiƙun 1681 ba. Ƙauyuka irin su Homps, da Argens, da Ventenac, da Capestang, da Poilhes, waɗanda matasansu suka daɗe suna ƙaura zuwa birane, sun sake samun masu sayen burodi da safe. Gidajen masu tsaron zaure da dama sun zama wuraren cin abinci. A Le Somail wani tsohon rumbun giya ya koma shagon tsofaffin littattafai masu ɗimbin yawa. Turbar dawaki kuwa ta zama ta masu keke da masu tafiyar ƙafa. Sai dai cinikin na kaka ne: da sanyi ya shigo jirage su tsaya, ƙauye ya yi tsit har bazara.

Itatuwa da Ruwa

Hoton da ya fi jawo baƙi shi ne na dogayen itatuwan da Faransawa ke kira platane, jere a gaɓa biyu, rassansu sun haɗu a sama sun yi wa ruwa rumfa. Mutane da yawa suna zaton Riquet ne ya dasa su, alhali yawancinsu dashen ƙarni na 19 ne. Kafin su an gwada wasu iri. Amfaninsu ya wuce ado, domin saiwoyinsu suna riƙe gaɓa, inuwarsu tana kare mutum da doki daga rana. An ƙidaya kimanin 42,000.

A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu a Villedubert, kusa da Carcassonne. Wata irin funfuna ce da ke shiga ta rauni, ta toshe jijiyoyin itace, ta kashe shi cikin 'yan shekaru. Masana sun fi karkata ga cewa ta shigo Faransa ne cikin akwatunan katako na sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da magani, sai dai a sare itacen a ƙone shi a wurin. Tana yaɗuwa ta ruwa, da ta saiwoyin da suka sarƙe, da ta kayan sassabe, har da ta jiragen da ke gogar saiwa ko ake ɗaure su a jikin itace. Wato masu zuwa don inuwar suna cikin waɗanda suka taimaka wajen yaɗa abin da ke kashe ta, ba da saninsu ba. An riga an sare fiye da rabin itatuwan. Hukumar hanyoyin ruwan Faransa tana dasa wasu iri daban-daban a madadinsu, don kada cuta ɗaya ta sake share su gaba ɗaya, amma itacen da aka dasa yau sai jikoki za su sha inuwarsa.

Ruwan ma ba a gama da maganarsa ba. Tafkunan Baƙin Dutse suna shayar da gonaki da garuruwa ban da kogin, shekarun fari kuma suna yawaita. A 2023 sai da aka jinkirta cika kogin bayan gyaran hunturu saboda ƙarancin ruwa, kuma in abin ya yi tsanani akan tara jirage su wuce zaure tare, don kada a buɗe wa kowanne shi kaɗai. Wannan shi ne lissafin da ya sa fasinjan farko suke sauka da kayansu a ka.

Kammalawa

Mun ga yadda mai karɓar harajin gishiri ya jawo ruwan dutse ya haɗa tekuna biyu, da yadda tafiyar doki ta kafa zanguna, da yadda jirgin ƙasa ya tashe su, da yadda masu neman hutu suka sake raya su. Kogin bai sauya gudunsa ba tun 1681. Duniyar da ke gefensa ce ta sauya nata. Abin da ya zama aibi a 1857 shi ne abin sayarwa bayan shekara ɗari da 'yan kai, kuma abin da ya tsare ginin har ya kai wannan lokaci shi ne cewa ba a sami kuɗi da niyyar sabunta shi ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mutanen Le Somail sun jira fiye da shekara ɗari kafin matafiyi ya sake kwana a ƙauyensu. Yanzu kuma suna jiran ƙananan itatuwan da aka dasa a bakin gadarsu su girma, suna kuma duban Baƙin Dutse kowace shekara, ko ruwan da ya sauka zai kai su ƙarshen kaka.